Kwana Nawa Ake Yi Ana Hawan Dutsen Kilimanjaro?

Wani mai sauraro daga Damagaram ya aiko da tambaya: kwana nawa ake yi ana hawan Kilimanjaro, kuma me ya sa ba a barin mutum ya hau shi kaɗai?

Dutsen dai yana arewacin Tanzaniya, tsayinsa mita 5,895, babu kamarsa a Afirka. Chappal Waddi na jihar Taraba, mafi tsayi a Najeriya, bai kai rabinsa ba. A 1889 ne Hans Meyer da Ludwig Purtscheller suka fara taka ƙololuwarsa.

Yawan kwanakin ya danganta da hanyar da aka bi. Hanyar Marangu tana cin kwana 5 zuwa 6, akwai ɗakunan kwana. Ta Machame kuwa 6 zuwa 7, a tanti ake kwana. Dokar gandun da dutsen yake ciki ta wajabta jagora mai lasisi, shi ya sa ayari ake yi, da 'yan dako da mai girki.

Ba gajiyar ƙafa ce ta fi kayar da mutane ba, iska ce. Can sama, kowane numfashi kusan rabin abin da huhu ya saba samu a bakin teku yake kawowa. Sai ciwon kai, jiri da amai, ko da ƙato ne majiyi ƙarfi. Don haka jagorori ba sa gajiya da faɗin "pole pole", wato sannu-sannu da harshen Suwahili, kuma gaskiyarsu ce. Daren ƙarshe ya fi tsanani: masu bin Machame kan bar sansanin Barafu da tsakar dare, cikin sanyi mai ratsa ƙashi, don rana ta fito musu kusa da ƙololuwar Uhuru.

Malam, in za a je, a zaɓi hanya mai yawan kwanaki, kuma in jagora ya ce a sauko, a sauko.