Darasin Lissafi: Auna Gonarka da Igiya

Manoman fadamar Rima, daga Argungu har Birnin Kebbi, sun san darajar ƙasa. Idan ruwan kogi ya janye, kowa yana neman iyakar gonarsa. Wani lokaci ambaliya ta share alama. Daga nan sai gardama tsakanin maƙwabta ko magada. Kuma wanda bai san girman gonarsa ba, da ka yake sayen taki: ko ya yi yawa, ko ya kasa. Darasinmu na wannan wata shi ne awon gona da igiya.

Mataki na 1: Fitar da kusurwa

Nemi igiya mai tsawon mita 12 da turaku 3. Auna mita 3, ka sa alama. Ƙara mita 4, ka sa wata alama. Saura mita 5 ke nan. Haɗa bakunan igiyar biyu a turke ɗaya. Ja alamun biyu har igiya ta miƙe, ka kafa turke a kowace. Yanzu ka sami siffa mai gefe uku, wato alwatika. Kusurwar da ke tsakanin gefen mita 3 da gefen mita 4 daidai take, kamar kusurwar wannan jarida. Masu lissafi suna ce mata digiri 90.

Me ya sa haka? Duba:
3 sau 3 = 9
4 sau 4 = 16
9 a tara da 16 = 25
5 sau 5 = 25

Duk alwatikar da lissafinta ya fito haka, tana da wannan kusurwa. Ana danganta wannan ƙa'ida ga Pitagoras, mutumin Girka da ya rayu shekaru 2,500 da suka wuce. A Bagadaza ma, wajen shekarar 820, malam Alhawarizmi ya rubuta littafin lissafi mai bayanin awon ƙasa da rabon gado.

Mataki na 2: Girman gona

Idan kusurwoyin gona huɗu duk daidai suke, auna tsawo da faɗi. A ce tsawo mita 50 ne, faɗi mita 40. To, 50 sau 40 = 2,000. Girmanta murabba'in mita 2,000 ne. Hekta ɗaya mita 100 ce sau 100, wato 10,000. Gonar nan kashi ɗaya ce cikin biyar na hekta. Idan malamin gona ya ce buhu 5 na taki ake sa wa hekta, kai buhu 1 za ka saya.

Mataki na 3: Gona mai gefe uku

Wata gonar gefe uku gare ta. Idan tana da kusurwa ta daidai, auna gefuna biyu da suka haɗu a kusurwar. A ce mita 60 da mita 40. 60 sau 40 = 2,400. Raba biyu, ka sami 1,200.

Shawara: yi awon iyaka a gaban maƙwabcinka da mai unguwa. Rubuta lambobin a littafinka. Ambaliya na share alama, amma rubutu yana nan.

Aikin yi
1. Gona mai tsawon mita 100, faɗi mita 25. Nawa ne girmanta?
2. Igiya mai gefe 6, 8 da 10 za ta ba da kusurwa ta daidai? Lissafa ka gani.

Kai wa malamin ajinku amsa. Sai wata mai zuwa.