Bin Sawun Gwaji a Cikin Manhaja

Abokan sana'a masu rubuta manhaja, akwai tambayar da ba kasafai muke yi wa kanmu ba: gwaje-gwajen nan da muke alfahari da su, ina da ina suka taka a cikin kod ɗinmu?

Na taɓa aiki a kan wata manhajar lissafin albashi da aka rubuta da Python. Kowane gwaji yana wucewa lami lafiya, hankalinmu kwance. Ranar da na fara ɗora coverage.py a kanta, wato manhajar da ke nuna layukan da gwaji ya taka, na buɗe rahoton, sai ga layuka da jan launi reras a sashen da ke lissafa kuɗin ma'aikacin da ya kama aiki a tsakiyar wata. Babu gwajin da ya taɓa leƙa wurin. Da na bi layukan, na tarar ana raba albashi da kwana 30 ko da a watan Fabrairu ne. Haƙƙin mutane ke nan yake zirarewa ba wanda ya sani.

Yadda abin ke aiki ba boka ba malam. Python na da wata ƙofa mai suna sys.settrace. Idan ka rataya mata ɗan aikinka, duk sanda manhaja ta shiga wani aiki, ko ta taka sabon layi, ko ta fito, ko ta ci karo da kuskure, sai a kira shi a sanar da shi. Da haka coverage.py, wanda Ned Batchelder ke kula da shi tun 2004, ya daɗe yana tattara lambobin layukan da aka taka, sannan ya kwatanta su da dukkan layukan da za su iya gudana. Abin da ya rage shi ne inda ƙafar gwaji ba ta kai ba. Wannan bin sawun yana rage saurin manhaja, shi ya sa Python 3.12 da ta fito a 2023 ta zo da sys.monitoring, wadda ke iya daina sa ido kan layi da zarar an gan shi sau ɗaya.

Sai dai a yi hattara. Taka layi daban, tabbatar da ingancinsa daban. Gwajin da bai duba sakamako ba zai iya kai ka kashi 100 cikin 100 alhali kuskure na nan daram. Haka kuma layin sharaɗi hanya biyu gare shi, ana iya bin ɗaya a manta da ɗayar, don haka ku riƙa kunna awon rassa, wanda ke duba ko an bi hanyoyin biyu.

Shawarata, kada ku tsaya kan adadin da ke ƙasan rahoto. Ku buɗe shi, ku karanta jajayen layukan ɗaya bayan ɗaya, ku fara da inda kuɗi ko bayanan mutane suke. Amana ce aka damƙa mana, mu riƙe ta da kyau.