Darasi na 14: Gidajen Hukuma da Kuɗin Haya

Kun san akwai gine-ginen da ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai gidajen ma'aikata, da ɗakunan malaman makaranta da na asibiti, da rumfunan kasuwa da shaguna. Waɗansunsu na Ƙaramar Hukuma ne, watau na jama'a duka. Wanda ya shiga ciki yana biyan haya. To, yaya ake yanke hayar? Ina kuɗin ke zuwa? Abin da za mu karanta yau ke nan.

A da, Anka da Gummi da Bukkuyum suna ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Kuɗin En'e a Baitulmali ake ajiye su, Ma'aji ke riƙe da littafi. A 1976 aka kawo tsarin ƙananan hukumomi a madadin En'e. A ranar 1 ga Oktoba 1996 kuma aka cire Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato. Tana da ƙananan hukumomi 14, waɗannan uku suna cikinsu. Tsarin mulki na 1999 ya ɗora musu ayyuka, kamar kula da kasuwa da tasha da mayanka, da sa wa gidaje lamba.

Kowace shekara hukuma takan zauna ta yi kasafin kuɗi. Kada kalmar ta ba ku tsoro. Abin da maigida ke yi ne da kaka: ya dubi rumbu, ya ware na ci, ya ware iri, ya ware na sayarwa. Takardar kasafi gefe biyu gare ta. Gefe ɗaya kuɗin da za su shigo, ɗaya gefen kuɗin da za su fita. Mafi yawan abin da ke shigowa daga asusun tarayya yake zuwa. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Haya da kuɗin rumfa kuwa na cikin gida ne, daga aljihunku suke fitowa.

Mutane da yawa suna cewa, "Ai gidan hukuma ne, me ya sa za a biya?" Amma gida yana ci kamar doki. Gara ta ci katako. Iska ta ɗage kwano. Ruwan sama ya ci gindin bango. Masai ya cika. In ba a tara kuɗin gyara ba, wata rana sai a tarar da kango.

Bari mu yi lissafi. Wannan misali ne kawai don koyo, ba farashin kasuwa ba ne. A ce hukuma tana da gida 10. Kowane gida yana bukatar naira 30,000 a shekara don ƙananan gyare-gyare: ƙofa, taga, fenti, kwashe masai. A ce kuma rufin kwano yana yin shekara 20, sabo kuwa zai ci naira 1,200,000. In an raba wannan gida 20, an sami naira 60,000. Wannan ita za a ajiye kowace shekara, ko da rufin bai fara yoyo ba. Sai ladan mai karɓar haya da kuɗin takarda, a ce naira 6,000. Ku haɗa: 30,000 da 60,000 da 6,000. Sun zama naira 96,000 a shekara. A raba wata 12, kowane wata naira 8,000 ke nan.

Da saura. Cikin gida 10 da wuya a rasa ɗaya da ke zaune babu kowa, ko wanda ke ciki ya kasa biya. Saboda haka gida 9 ne za su ɗauki nauyin 10. Hayar sai ta kusa naira 9,000 a wata.

Yanzu ku duba abin da zai faru in aka ce a biya naira 3,000 don a faranta wa mutane rai. A shekara an sami 36,000. Ta biya ƙaramin gyara, ta biya mai karɓa, shi ke nan. Na rufi ko kwabo babu. Shekara 5 ba wanda zai lura. Shekara 10 a fara tara roba a tsakar ɗaki. Ran da rufin ya tafi, shugaban da ya yanke hayar ya daɗe da sauka, ɗan haya ne ke kwana a jiƙe. A ganina wannan ba sauƙi ba ne, bashi ne aka ci da sunan mai zuwa.

Amma ba a ce kowa zai iya biya ba. Akwai wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Akwai waɗanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu, har waɗansu suka fake a ginin sabuwar fadar Sarki a Anka tun ba a gama shi ba. Daidai ne a rage wa irin waɗannan. Sai dai a rubuta ragin a cikin kasafi, a ce ga wanda aka rage wa, ga nawa, hukuma kuma ta cika gurbin daga wani gefe. Kada a rage haya a ɓoye ta hanyar ƙin yin gyara. Manomi kuma ba kamar mai albashi ba ne. Da kaka yake ganin kuɗi. In an yarda ya biya ta shekara a lokacin nan, an fi samu.

Abu na biyu, farashi ba ya tsayawa. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, siminti da kwano da kuɗin mota duk sun tashi. Hayar da aka yanke shekara 10 da suka wuce ba za ta sayi abin da ta saya a da ba. Gara a duba ta kowace shekara, a ƙara kaɗan kaɗan, a sanar da mutane da wuri, da a ƙyale ta sa'an nan a ninka ta rana ɗaya.

A Ingila hukumomin gari suna da gidajen haya masu yawa. Dokar 1989 ta sa kuɗin hayarsu a asusu dabam, ba a ɗiba a yi wani aiki da su. Sukan kuma tsara shirin shekara 30, su san shekarar da za a sake kowane rufi. Mu ma ba abin da zai hana a buɗe littafi dabam don kuɗin haya.

Shirin dogon lokaci tun daga zaɓen fili yake farawa. A zamanin Shugaba Shehu Shagari, 1979 zuwa 1983, an shirya gina gida 2,000 a kowace jiha kowace shekara. Waɗansu an gina su nesa da gari, babu ruwa babu hanya, suka daɗe ba mai shiga. A Agustan 2024 ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Gummi, don haka duk mai shirin gini sai ya tambayi tsofaffi inda ruwa ya saba kwanciya. A 2010 kuma gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar Dareta da Abare da Yargalma, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gida. Sai da aka kwashe ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Ya kamata takardar haya ta hana wannan aiki a gidan zama.

Ga inda karatunku zai yi amfani. Duk ran da ka biya haya ko kuɗin rumfa, karɓi rasit. Karanta sunanka. Karanta yawan kuɗin, ka ga ko daidai ne da abin da ka miƙa. Duba kwanan wata da hatimi. Adana shi inda gara ba za ta kai ba. Kuɗin da ba rasit, da wuya su isa hannun Ma'aji. Sa'an nan ka sami kansilan mazaɓarku, ka tambaye shi cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, nawa aka tara na haya bana, nawa aka ware don gyara?"

Tambayoyi

1. Mene ne kasafin kuɗi?
2. In hayar rumfa naira 1,500 ce a wata, nawa ce a shekara?
3. In rufi zai ci naira 900,000, yana kuma yin shekara 15, nawa za a ajiye kowace shekara?
4. Rubuta abu 3 da za ka duba a jikin rasit.