In Koci Ya Ajiye Ka a Benci

'Ya'yana masu buga ƙwallo a ƙungiyoyin unguwa da na makaranta, akwai wata rana da ke jiran kusan kowannenku, in ma ba ta riga ta zo ba. Koci zai tsaya yana kiran sunayen waɗanda za su fara wasa, ka kasa kunne har ya kai na goma sha ɗaya, ba ka ji naka ba. Alhali kai ne wanda in ƙwallo ta zo ƙafarka 'yan kallo ke miƙewa tsaye. A ranar zuciya za ta yi ta kawo maka dalilai. Ba ya ƙaunarka, an kai masa gulmarka, ɗan gidansu yake so ya saka. Wani lokacin ma ɗaya daga ciki gaskiya ne, ba na musu. Amma kafin ka kama wani dalili ka riƙe, ku ba ni aron kunnuwanku in ba ku labarin wani mutumin ƙasar Yukren, Valeriy Lobanovski, wanda aka yi wa abin da ya fi benci ciwo.

An haife shi a birnin Kiyev a 1939, lokacin Yukren tana cikin Tarayyar Sobiyet. Yaro ne mai kan karatu, har ya shiga babbar kwalejin fasaha ta birnin yana karantar aikin injiniya, yana kuma buga wa Dinamo Kiyev wasa a gefen hagu. Dogo ne mai jan gashi, gwanin yanka, ga shi da wata baiwa da ta sa sunansa ya zagaye ƙasar: in ya tsaya bugun kwana, sai ya murɗa ƙwallon ta lanƙwaso a iska ta faɗa raga ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Ba da ka ya same ta ba, maimaita bugun ya yi ta yi har ƙafarsa ta haddace. A 1961, yana da shekara 22, Dinamo ta lashe gasar Tarayyar Sobiyet. Wannan ne karo na farko da kofin ya bar hannun ƙungiyoyin Mosko, don haka ku ƙiyasta irin matsayin da waɗannan samari suka samu a garinsu.

Sai ga sabon koci a 1964, Viktor Maslov, wanda ya riga ya ci gasar da Torpedo ta Mosko a 1960. 'Yan wasa suna kiransa Kaka. Shi Maslov ba ya son ɗan wasan da zai tsaya a bakin layi yana jiran a kawo masa ƙwallo, in ta zo ya riƙe ta yana burge 'yan kallo. Yana son mutum huɗu a tsakiya masu kai da komowa, kowa ya tsare yankinsa, in ƙwallo ta kuɓuce a taru a matsa wa wanda ya ɗauke ta har ya rasa inda zai kai ta. A irin wannan tsari babu gurbin Lobanovski, shi kuwa ba mai haɗiye magana ba ne. Suka saɓa, aka nuna masa hanya. Yana da shekara 25, a garin da aka haife shi, a ƙungiyar da ya taya ɗaukar kofi shekara uku kacal da suka wuce. Ya koma Chornomorets ta Odesa, daga nan Shakhtar ta Donetsk, ya ajiye takalmi a 1968 yana ɗan shekara 29.

Ga inda abin ya fi zafi. Da Dinamo ta lalace bayan tafiyarsa, da ya sami abin faɗa a majalisa har tsufansa. Sai ta ci gasar a 1966, ta sake a 1967, ta kuma ci a 1968. Sau uku a jere, ba tare da shi ba, da tsarin mutumin da ya kore shi. Duk wanda aka taɓa sallama daga wani wuri, ya waiwaya ya ga wurin ya ƙara haɓaka, ya san irin abin da ake haɗiya.

Na ga mutane da yawa da suka tsaya a daidai wannan gaɓa ba su ƙara gaba ba. Shekara ashirin bayan abin ya wuce, za ka same su suna ba da labarin kocin da ya kashe musu tauraro, kuma kullum labarin ƙara tsawo yake. Lobanovski bai bi wannan hanya ba. Da aka ba shi horar da Dnipro, wadda ke rukuni na biyu a lokacin, bai ce bari in kafa ƙungiyar 'yan yanka don duniya ta san an zalunce ni ba. Abin da ya kore shi, shi ya ɗauka ya zauna ya yi nazarinsa da idon injiniya, ya gano cewa dattijon nan ya hango inda ƙwallo ta dosa. Ya hau da Dnipro rukunin manya a 1971, ta ƙare ta shida a shekarar da ta biyo. A ƙarshen 1973 Dinamo, wadda ta sallame shi yana ɗan wasa, ta kira shi ya zo ya riƙe ta, shi da abokinsa Oleh Bazilevich.

Abin da ya gina a can ya wuce na Maslov nesa. Ya jawo wani masanin kimiyyar motsa jiki, Anatoliy Zelentsov, suka kafa ɗakin bincike a cikin ƙungiyar. Ana zaunar da mutane su ƙirga duk abin da ɗan wasa ya yi a fili: fasin nawa ya bayar, nawa suka isa, sau nawa ya ƙwace ƙwallo, sau nawa ya zubar. Ana auna yadda jiki ke gajiya da yadda yake farfaɗowa, a tsara atisaye a kan haka, har da kwamfuta, a zamanin da manyan ma'aikatu ne kawai ke da ita. Ɗan gaba dole ya iya tsaro, ɗan baya dole ya iya kai hari. Ana maimaita salon kai hari ɗaya har sai kowa ya san inda ɗan'uwansa zai kasance tun bai ɗaga kai ba. Da a ce saurayin nan mai jan gashi na 1961 zai dawo ya nemi gurbi a wannan ƙungiya, da Lobanovski koci ne zai fara ajiye shi a benci.

Ba kowa ya so abin ba. 'Yan jarida, musamman na Mosko, sun sha sukarsa cewa ya mai da wasa lissafi, ya fi son ya ci a gida ya je waje ya nemi kunnen doki. Ni ma ina ganin akwai ranakun da suka yi gaskiya, don ɗan kallo bai biya kuɗin ƙofa domin ya ga ana tsare maki ba. Sai dai a 1975 Dinamo ta doke Ferencvaros ta Hungari da ci 3 da nema a birnin Basel, ta ɗauki kofin Turai na ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙasashensu, karo na farko da wata ƙungiyar Sobiyet ta ɗauki kofin nahiyar. A shekarar ta haɗu da Bayern Munich ta su Beckenbauer, zakarun Turai, ta ci 1-0 a Jamus, ta ci 2-0 a Kiyev. Oleh Blokhin ne ya zura duka ukun, ya kuma karɓi kyautar Ballon d'Or ta wannan shekara. Ku lura da wannan, ku masu tsoron cewa bin tsari zai dusashe ku: 'yan wasa uku da suka yi wasa a hannun mutumin nan sun ci wannan kyauta, Blokhin a 1975, Ihor Belanov a 1986, Andriy Shevchenko a 2004.

Yanzu ga gyara na biyu da aka yi masa bayan na Maslov, wanda nake ganin ya fi na farko wuyar karɓa, domin daga ƙasa ya fito. A 1976 shi da Bazilevich suna ɗauke da nauyin ƙungiyar ƙasa tare da Dinamo, akasarin 'yan wasan kuma su ɗin ne dai. Nasarar bara ta sa suka amince da lissafinsu fiye da kima, suka ƙara nauyin atisaye har jikin mutane ya gaza. Saint-Etienne ta Faransa ta fitar da Dinamo daga gasar zakarun Turai, Cekoslobakiya ta fitar da ƙungiyar ƙasa daga gasar nahiya, a wasannin Olamfik na Montreal kuma tagulla suka samo inda ake jiran zinare. Da suka dawo gida 'yan wasa suka haɗa kai suka ce ba za su ƙara aiki da waɗannan koci biyu ba. Aka yi ta kai ruwa rana. A ƙarshe Bazilevich ya tafi, Lobanovski ya tsira da kujerarsa da ƙyar.

Mutumin da ya tsallake irin wannan yakan fito da wuƙa, ya bi waɗanda suka yi masa bore ɗaya bayan ɗaya. Ba zan ce muku Lobanovski ya zama mai laushi ba, har ya mutu mutum ne mai tsanani, mai ƙarancin murmushi, kuma wasu daga cikin manyan 'yan wasan ba su daɗe a ƙungiyar ba bayan rikicin. Amma ya gane cewa takarda tana iya cewa jiki zai ɗauka, jikin kuma ya ce a'a. Ya ci gaba da aiki da sauran, suka ci gasar a 1977. Wannan naku ne, ku kyaftin-kyaftin da masu horar da ƙananan yara a unguwa. Ranar da yaranka suka yi ƙarfin halin cewa Koci, abin nan ya yi mana yawa, kada ka fara da tambayar wa ya zuga su. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sauran tarihinsa dogo ne, zan taƙaita. Ya ci gasar Sobiyet sau 8 da Dinamo, da kofin ƙasar sau 6. Ya kai ƙungiyar ƙasa wasan ƙarshe na gasar Turai a 1988, inda Holan ta su Gullit da Van Basten ta doke su 2-0. A gasar duniya ta 1990 tun a rukuni aka fitar da su, duk da cewa sun ci Kamaru 4-0 a wasan ƙarshe na rukunin, Kamarun da ta wuce a matsayi na ɗaya, kuma mai horar da ita, Valeri Nepomniachi, shi ma mutumin Sobiyet ne. Daga nan ya tafi Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sannan Kuwait, mutane suka ɗauka zamaninsa ya wuce.

A 1997 ya dawo Kiyev, Tarayyar Sobiyet ta rushe, Yukren ta zama ƙasa mai cin gashin kanta, shi kuma jiki ya yi nauyi. Ya tarar da samari irin su Shevchenko da Serhiy Rebrov, 'yan zamanin da kuɗin Turai ke kiran kowa. Suka miƙa wuya ga atisayensa mai wahala. A wannan shekarar suka ci Barcelona 3-0 a Kiyev, suka bi ta har gida suka ƙara mata 4-0, Shevchenko ya zura uku kafin a tafi hutun rabin lokaci, yana ɗan shekara 21. A 1999 suka fitar da Real Madrid mai riƙe da kofin zakarun Turai, suka kai wasan kusa da na ƙarshe, suna gaban Bayern 3-1 a Kiyev aka farke aka tashi 3-3, aka ci su 1-0 a Munich. Wannan kofin bai taɓa zuwa hannunsa ba. A watan Mayu na 2002 ya yanke jiki a wurin wasa a birnin Zaporizhzhia, ya rasu ranar 13 ga watan yana da shekara 63. Filin wasan Dinamo sunansa yake ɗauke da shi yanzu.

To ɗana, in ranar bencin ta zo, ga abin da nake roƙonka. Kada ka cire riga ka bar fili, kada kuma ka je ka zauna cikin masu zuga ka. Zauna ka kalli wasan, ka sa ido a kan wanda aka saka a gurbinka, musamman lokacin da ƙwallo ba ta wurinsa: ina yake gudu, wa yake tarewa, sau nawa ya dawo baya. Bayan kwana ɗaya ko biyu, in zuciya ta huce, ka sami kocin shi kaɗai, ka gaishe shi, ka ce Koci, me zan gyara? In ya faɗa maka abin kamawa, ka samu. In kuwa ya kasa faɗar komai, to ka san ba wasanka ne matsalar ba, sai ka nemi wata ƙungiyar ba tare da zagi ba. Ta yiwu ma kocin ba ya sonka da gaske, kuma duk da haka abin da ya faɗa a kan wasanka daidai ne. Babu wanda ya ce sai Lobanovski ya ƙaunaci yadda aka raba shi da Dinamo kafin ya amfana da ilimin Maslov.

Tunda wayoyi na hannunku, ku nemi wasan ƙarshe na irin kofin da suka ɗauka a 1975, wanda aka buga ranar 2 ga Mayu 1986 a birnin Lyon, kwana shida bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl da ke arewa da Kiyev, inda Dinamo ta ci Atletico Madrid 3-0. Ku je wajen ƙwallo ta biyu, ana saura minti biyar a tashi. Vasyl Rats ya taho da ita ta hagu ya miƙa wa Belanov, Belanov ya tura wa Yevtushenko a damansa, shi kuma ya sake turawa dama, inda Blokhin, mai shekara 33, ya taso a guje ya ɗaga ta saman gola. Ku kalle ta sau biyu. A karo na biyu ku bar ƙwallon, ku bi Blokhin da ido tun daga inda ya fara gudu.