Hujjar da ta cancanci a kai gaban maigari

Da zarar hadari ya fara haɗowa, rigimar gona ke cika zaurukan masu gari a ƙauyukan Kore Mairuwa, musamman kan filayen Dallol Mawri inda ruwa ke kusa, kowa na son wurin lambu. Mu masu aikin kwamitin filaye, maganar da muka fi ji ita ce: “Kakana ya sare dajin nan.” To, abokin shari'a ma haka zai ce, kuma kakannin duka sun riga mu gidan gaskiya. Maganar da kowane ɓangare zai iya faɗa daidai wa daida ba ta raba gardama, ko da gaskiya ce. Hujja mai ƙarfi ita ce wadda za a tashi a je a duba: abin da maƙwabtan iyaka suka sani, layin gamba ko gawon da aka yi shaida da shi, da kuma wanda ke kai wa wani dami bayan girbi. Damin nan guda na gero ya fi doguwar tatsuniyar asali nauyi, domin shi ke nuna cewa aro ne, ba gado ba.

Wasu na cewa neman shaida da takarda raina maganar manya ne. Ai dokar karkara ta 1993 da kanta ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma sa a fara neman sulhu wurin sarakuna kafin a je gaban alƙali. Takardar aro, jingina ko sayarwa da kwamitin ƙauye ke rubutawa maganar dattijo ce aka ajiye don ranar da babu shi. Wasu kuma su ce ana ƙirƙiro takardar jabu. Haka ne, amma takardar kwamiti tana ɗauke da sunayen shaidu da ranar da aka yi ta, ana iya kiran su a tambaye su.

Akwai kuma ƙarar da ba ta cancanci a shigar ba tun farko. Wanda ya noma burtali, ko shekara 20 ya yi yana nomansa, ba shi da hujja, domin dokar kiwo ta 2010 ta sa hanyoyin dabbobi cikin dukiyar ƙasa. Jama'a, duk mai ba da aron gona bana, ya kira maƙwabtan iyaka a rubuta tun kafin a yi shuka.