Injin Fige Kaji da Ƙwayoyin Cuta

Tambaya: Malam, ina fige kaji da inji a kasuwa. Wata mai saye ta ce yaranta sun yi gudawa. Ko daga wurina ne? Mai fige kaji, Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, yana yiwuwa. Robobin injin suna matse cikin kaza, kashi ya fito, ƙwayoyin Salmonella da Campylobacter su manne musu, su shafi duk kazar da ta biyo baya. Kullum ka wanke robobin da sabulu da ruwan kulorin. Wadda ta tsage ka sauya, don ƙazanta a tsagar take ɓuya. Ruwan zafin tsoma kaji in ya gurɓace, zubar da shi. A janye wa kaji abinci awa 8 kafin yanka, amma a bar musu ruwa. Figaggiyar kaza kada ta taɓa ƙasa. Ɗauraye ta, sa mata ƙanƙara nan take.