Idan Lauya Ya Ci Amana, Ina Za Mu Kai Kuka?

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu mun taɓa shiga mota tun asuba, mu sauka a Kawo, mu nufi Babbar Kotun Jiha da ke Titin Bida a Kaduna saboda shari'ar gona ko gadon marayu. Mukan sayar da hatsi ko akuya mu biya lauya, sa'an nan mu riƙa jin tsoron yi masa tambaya, sai ka ce shi ne ya ɗauke mu aiki. Ba haka ba ne. Mu ne muka ɗauke shi, kuma akwai dokar da ke bisa kansa.

A shekarar 2023 aka sabunta ƙa'idodin aikin lauyoyi na Najeriya, suka maye gurbin na 2007, suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2024. Abin da ya fi shafarmu a ciki shi ne maganar kuɗi. A ce wata gwauruwa ta sa lauya ya karɓo mata kuɗin sallamar mijinta. Kuɗin nan ba nasa ba ne ko na kwana ɗaya. Ba shi da izinin haɗa su da nasa, ko ya juya su da niyyar zai mayar. Wajibi ne ya sanar da ita sun shigo, ya kuma ba ta lissafi. Sau da yawa a nan ne mukan yi shiru, gama muna ganin rashin kunya ne a nemi rasit wurin mai ilimi. Kunyar nan ta jawo wa gidaje asara. Mu nemi a rubuta ladan aikinsa tun farko, mu karɓi rasit a kan kowace naira.

Haka kuma bai halatta ya tsaya mana ya kuma tsaya wa abokin shari'armu a magana ɗaya ba, ko ya fallasa asirin da muka faɗa masa.

Akwai kuma sakaci. Idan Babbar Kotu ta yanke hukuncin ƙarshe a shari'ar gona, wata uku ne doka ta bayar a ɗaukaka ƙara. Lauyan da ya bar kwanakin suka wuce ya jefa mu cikin roƙon ƙarin lokaci, wanda kotu tana iya hanawa. Amma mu yi adalci: faɗuwa a shari'a kaɗai ba laifin lauya ba ne.

To, ina za a kai kuka? A rubuta ƙorafi, a haɗa da kwafin rasit da sauran takardu, a kai wa shugaban reshen Kaduna na Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, wato NBA, ko Babban Alƙalin Jiha. Mai yanke hukunci shi ne Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi da ke Abuja. Yana da ikon yin gargaɗi, ko dakatarwa, ko soke sunan lauya gaba ɗaya, ya kuma sa shi ya mayar da kuɗi ko takardun da ya riƙe.

Wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya, ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1976. Kada kuma mu miƙa wa kowa asalin takardar fili sai mun ajiye kwafinta a gida, an kuma ba mu shaidar karɓa a rubuce.